KWANA BAKWAI CIKIN LAKA DON A KWANA A BAKIN TEKU

 Ai mun san halinmu da damina. Da zarar an ɗauke ruwa aka aiki yarinya, sai ki gan ta ta tattare zani, tana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, tana tsallake kududdufi ɗaya bayan ɗaya, wai kada taɓo ya ɓata mata lalle ko sabon takalmi. To, yau ga labarin wasu bayin Allah da suke tara kuɗinsu, su nemi izini tun farkon shekara, wasu ma su keto daga wata ƙasa, ba don komai ba sai don su je su yi mako guda suna kutsawa cikin laka har gwiwa, da kaya niƙi-niƙi a baya. In dare ya yi su kafa tanti a kan yashin bakin teku, inda babu gida, babu kanti, babu mai tallan ko da ƙosai. Kuma kada ki ɗauka maza ne kaɗai. Mata suna nan da yawa, 'yan mata da matan aure, har da masu jikoki.

Wurin yana ƙasar Kanada, can ƙarshen yammacinta, a wani babban tsibiri da ake kira Bankuba. Turba ce ta ƙafa mai tsawon kilomita 75, kusan nisan Kaduna zuwa Zariya ke nan. Sunanta West Coast Trail, wato Turbar Gaɓar Yamma. Ta taso daga Pachena, kusa da ƙauyen Bamfield, ta dire a kogin Gordon, kusa da Port Renfrew. In kin taso daga Pachena, daji yana hagunki, tekun Fasifik yana damanki. Nisan da mota take cinyewa cikin awa guda, a nan ƙafa sai ta yi kwana 6 zuwa 8. Ana buɗe turbar ranar 1 ga Mayu, a rufe ta ranar 30 ga Satumba, domin kuwa in lokacin sanyi ya shigo, ruwa da iska da haukan teku ba sa barin kowa ya bi ta.

Daji mai ɗigar ruwa

In aka ce kurmi, abin da yake zuwa mana a rai shi ne zafi da gumi da sauro. Wannan kurmin na sanyi ne. Iska tana kwaso danshi daga teku, ta zo ta yi karo da duwatsun tsibirin, sai ta juye shi nan take. A shekara ana samun ruwan sama kimanin santimita 330, ya ninka abin da Kano take samu fiye da sau uku. Ranar da ba a yi ruwa ba kuwa, hazo ne zai sauko ya lulluɓe itatuwa, ganye ya yi ta ɗiga a kanki kamar rufin da yake yoyo.

Itatuwan kuwa abin ba a cewa komai. Akwai waɗanda suka shekara ɗaruruwa a tsaye, mutum biyar su riƙe hannu ba su zagaye gindin ɗaya ba. A kwarin Carmanah da yake kusa da turbar akwai wata bishiya da tsawonta ya kai mita 95. Gansakuka ta rufe komai, gindi da rassa da duwatsu. In bishiya ta faɗi ba mai ɗauke ta, nan za ta ruɓe, wasu sababbi su tsiro a jere a bayanta kamar 'ya'yan da suka hau uwarsu. A ƙasa kuma akwai wata halitta kamar dodon-koɗi marar kwanso, rawaya, mai kamar ayaba, wata tsawonta ya kai taƙi guda. Ba ta cizo, ba ta da dafi, amma in kika taka ta za ki san kin taka.

To, ina laka ta samo asali? Rana ba ta iya ratsa rassan nan ta busar da ƙasa. Ganye da ruɓaɓɓen itace sun taru shekara da shekaru, sun zama wata baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso. Sannan ga ƙafafun dubban mutane suna kirɓa ta kowace shekara. Sai ta zama baƙin taɓo mai kauri, wani wuri iya idon sawu, wani wuri har gwiwa, kuma daga sama duk kamanninsu ɗaya. Shi ya sa kowa yake riƙe da sanda, ya soka tukuna kafin ya taka. Ƙarƙashin taɓon akwai saiwoyi a sarƙe, masu santsi kamar an shafa musu sabulu.

Baƙuwa takan zo da dabarar nan tamu ta raɓe-raɓe a gefen hanya. A nan ba ta ci. Gefen shi ne inda saiwoyi da gangare suke, nan ake zamewa a yi targaɗe. Bugu da ƙari, raɓe-raɓen yana kashe tsirrai, hanya ta yi ta faɗi, taɓon ya ƙaru. Shawarar da ake ba kowa ita ce a bi ta tsakiya, a shiga kawai. Ranar farko za ki ga mutum yana yatsina. Zuwa rana ta uku ya yi dumu-dumu, ya daina ko kallon ƙafarsa. A wasu wurare an shimfiɗa katakai a kan fadama, amma shi ma katakon in ya jiƙe ya yi gansakuka, ya fi taɓon mugunta.

Jirgin da ya sa aka yi hanya

Za ki ce, wa ya aiki mutane su sari hanya a irin wannan wuri? 'Yar uwa, mutuwa ce ta sa.

Wannan gaɓar ta daɗe tana cin jiragen ruwa, har matuƙa suka yi mata laƙabi da Maƙabartar Fasifik. Jirgin da ya taso daga kudu zai nufi Siyatil ko Biktoriya, dole ya karya dama ya shiga wani mashigi da ake kira Juan de Fuca. In hazo ya rufe, igiyar ruwa kuma tana tura shi arewa, sai ya wuce ƙofar bai sani ba, ya je ya faɗa kan duwatsun tsibirin.

Abin da ya sami wani jirgin fasinja mai suna Valencia ke nan. Ya bar San Faransisko ranar 20 ga Janairu, 1906, da mutum fiye da 170. Daren 22 ga wata, gab da sha biyu, ya daki dutse kusa da Pachena. Tsakaninsa da tudu bai kai mita 100 ba. Mutanen ciki suna ganin ƙasa da idonsu, amma ƙasar nan tsayayyen dutse ne kamar bango, teku yana dukansa ba ƙaƙƙautawa. Cikin ruɗewa da duhu aka saki ƙananan kwale-kwalen ceto guda shida. Wasu suka juye tun suna rataye, suka zubar da mutane, wasu kuma igiyar ruwa ta kifar da su.

Maza tara daga cikin waɗanda ruwa ya jefo tudu suka samu suka haye dutsen. Cikinsu har da wani malamin makaranta, Frank Bunker, wanda a daren nan ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu. A saman dutsen suka tarar da wayar tangarahu da aka ɗaura jikin itatuwa, suka bi ta cikin surƙuƙi da taɓo har suka isa wata bukka a bakin kogin Darling, daga nan suka buga waya. Da gari ya waye aka sake tura wasu ma'aikatan jirgi su shida a kwale-kwale na ƙarshe, da nufin su sauka tudu su zagayo saman dutsen, su karɓi igiyar da za a harbo musu daga jirgi. Su kuma da suka sauka, sai suka nufi hasumiyar fitila ta Cape Beale don su kai labari. Aka harba igiya ta faɗa saman dutse, babu mai ɗaure ta.

Ranar 24 ga wata jiragen ceto suka iso, amma suka tsaya daga nesa, teku ya hana su matsowa. Sauran abin tsira biyu ne suka rage, irin gadon fiton nan marar bango. Aka ce mata su shiga, suka ƙi. Kada ki yi saurin ganin laifinsu. Sun ga abin da ya sami waɗanda suka shiga kwale-kwale daren farko, ga kuma manyan jirage can suna gani, wa zai ce ba za su ƙaraso ba? Maza suka shiga suka tafi. Wasu mutum uku da suka keto daji don kawo ɗauki sun iso saman dutsen daidai lokacin da wata ƙatuwar igiyar ruwa ta farfasa jirgin, suna kallo, babu abin da za su iya.

Rahoton gwamnatin Amurka ya ce mutum 136 suka mutu, 37 suka tsira. Duk 37 ɗin nan maza ne manya. Ko mace ɗaya, ko yaro ɗaya bai fita ba. Allah Sarki. Wani abin mamaki, a 1933, shekara 27 bayan haka, aka tsinci kwale-kwale mai lamba 5 na jirgin yana yawo a kan ruwa a mashigin Barkley, bai ma lalace sosai ba.

Abin ya tayar da hankalin jama'a a Kanada da Amurka. A 1907 gwamnatin Kanada ta fara mayar da 'yar hanyar masu gyaran wayar tangarahu ta zama turbar ceto, aka yi gadoji, aka gina bukkoki da abinci a ciki, don duk wanda teku ya jefo ya sami inda zai bi, masu ceto kuma su sami ta inda za su iso. Aka gina hasumiyar fitila a Pachena, ta fara haske a 1908. Da na'urorin tuƙin jirgi suka inganta, haɗurra suka ragu, sai aka yi watsi da turbar, daji ya fara cinye ta. A 1970 aka kafa gandun Pacific Rim, a 1973 turbar ta shiga cikinsa, ta koma ta masu yawon buɗe ido.

Amma fa ƙasar tana da masu ita tun kafin Bature ya zo. Ƙabilu uku ne, Huu-ay-aht da Ditidaht da Pacheedaht. Kakanninsu sun bi waɗannan hanyoyi, sun sassaƙa jiragen ruwa daga gungumen itace ɗaya, sun saƙa huluna da tufafi da ɓawon itace, kuma sau da yawa su ne suke tsamo waɗanda jirgi ya nutse da su. Yau ma 'ya'yansu ne masu gadin turbar da gyaranta, su canza ruɓaɓɓen katako, su sare itacen da ya toshe hanya.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ba a barin kowa ya shiga yadda ya ga dama. Akwai adadin mutanen da ake bari kowace rana, kuma kafin a ba ki takarda sai kin saurari bayanin ma'aikata, su faɗa miki inda gada ta karye, inda aka ga dabba, su ba ki taswira da jadawalin cikar teku.

Duk abin da za ki ci, ki sa, ki kwanta a kai na mako guda, a bayanki yake. Tanti, bargon da aka ɗinke kamar buhu, ɗan risho na gas, tukunya ɗaya, ashana cikin leda, tocila, magunguna, da busasshen abinci marar nauyi. A nan ne ake gane mai son kwalliya, don kowane ƙaramin kwalba sai kafaɗa ta biya kuɗinsa. Tufafin auduga kuwa, irin atamfa da wandon jins, ba a zuwa da su. Auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta manne a jiki ta yi ta zuƙe ɗumi. Ulu ake so da yadin roba mai saurin bushewa. Takalmi ya zama mai rufe idon sawu, kuma tsoho wanda ya saba da ƙafa. Wadda ta sayi sabo fil ta ƙaddamar da shi a nan, kafin kwana biyu bororo ya cika mata dunduniya. Ana kuma ɗaura wani abu kamar safa ta leda daga takalmi zuwa gwiwa, don kada taɓo ya cika ciki.

Bayan laka, abin da kowa yake dawowa da labarinsa shi ne tsani. Koguna sun yanka gaɓar nan sun yi kwazazzabai masu zurfi, babu yadda za a yi sai a sauka a hau. Akwai jerin tsani na katako fiye da 100, wani na bin wani, wasu a miƙe tsaye cak. Ki tuna a jiƙe suke, takalmin wanda ya riga ki ya bar taɓo a kowane mataki, ga jaka tana jan ki baya. Mutum ɗaya ake so a kan tsani a lokaci guda. A kogin Klanawa babu gada, wani akwatin ƙarfe ne rataye a igiyar waya, mutum biyu su zauna ciki da kayansu. Zuwa tsakiyar kogi da kansa yake gudu, daga nan kuma sai ƙarfin damtse, a yi ta jan igiya har a ƙarasa. A Logan akwai doguwar gada mai lilo a kan kwazazzabo. A Nitinaht, wajen kilomita 32, ruwan yana da ƙarfin da ba mai iya iyo a cikinsa, sai mai fito ɗan ƙabilar Ditidaht ya tsallakar da ke. Nan ne ake samun dafaffiyar ƙaguwa da kifi da zafinsu, bayan kwanaki ana cin busasshen abinci. Ɓangaren kudu, tsakanin Walbran da kogin Gordon, shi ne mafi wuya. A can in kin yi kilomita ɗaya cikin awa guda, kin yi ƙoƙari.

Ni dai a ganina, duk wadda take son sanin halin wanda zai aure ta, irin wannan hanya ta fi zance ɗari a zaure. Rana ta huɗu, ga yunwa, ga sanyi, safa a jiƙe, sauran tsani goma a gaba: a nan za a ga mai jiran na baya, da mai rage wa wani kaya, da wanda zai fara neman wanda zai ɗora wa laifi.

Teku ba ya jira

Wasu wurare ana da zaɓi, ko a bi daji ko a sauka a bi bakin ruwa. Alamar mashiga ita ce tarin ƙwallayen roba masu launi, na masunta, da ake ratayewa a reshe. Bakin ruwa ya fi daɗin ido, amma yana da nasa sharaɗi.

Ke da ba ki taɓa zama kusa da teku ba, ki sani ba kamar tafki yake ba. Sau biyu a yini yana cika ya hauro tudu, sau biyu yana janyewa, saboda jan da wata yake yi masa. Kuma lokacin yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana, abin da ya yi jiya da ƙarfe takwas, yau sai wajen tara saura. In ya janye, sai ya bar shimfiɗaɗɗen dutse mai faɗi kamar daɓe, tafiya a kai sumul. In ya dawo, wurin da kika taka ɗazu ya zama ruwan da ya sha kan mutum, bayanki kuma bangon dutse ne. Akwai wurare kamar Owen Point, mai kogunan dutse masu ban sha'awa, da ba a wucewa sai ruwa ya sauka ƙasa da wani ma'auni da aka rubuta a taswira. Shi ya sa agogo da jadawalin nan suka fi kuɗi amfani. Wata rana sai an tashi tun da duhu don a riga ruwa, wata rana kuma a zauna a kan gungume awa uku ana jiran ya ba da hanya. Akwai kuma tsagogi a jikin dutsen da ruwa yake kutsowa da ƙarfi ya koma. Ga ido kamar taki ɗaya ne a tsallake, amma bakinsu santsi gare shi, ruwan kuma sanyinsa yana kashe gaɓɓai cikin 'yan mintoci.

Daren Tsusiat

Masauki mafi suna a turbar yana wajen kilomita 25 daga Pachena, sunansa Tsusiat. Za ki fito daga duhun daji a gajiye tiɓis, ki sauka wani dogon jerin tsani, sai kawai duniya ta buɗe. Ga yashi shimfiɗe, ga teku har iyakar gani, ga kuma kogi guda yana zubowa daga saman dutse, faffaɗa kamar farin labule, ya taru ya yi tafki a kan yashin. Nan mutane suke wanke lakar kwana biyu, in sun iya jure sanyin.

Amma kafin wanka akwai aiki. Na farko, ina za a kafa tanti? Sai an duba layin ciyawar ruwa da tarkacen da cikar teku ta baya ta bari, a duba jadawali a ga ko ta daren yau za ta fi ta jiya, sannan a kafa can sama da layin. Wadda ta yi ganganci, ƙarfe ukun dare za ta farka ta ji ruwa yana lasar mata ƙafa. Turaku ba sa kama yashi, sai a ɗaure igiyoyi jikin duwatsu ko gungumen da teku ya tofo. Gumagumai kuwa ga su nan birjik, sun yi fari fat saboda gishiri da rana, suna tare iska, ana shanya safa a kansu. Da ƙananansu ake hura wuta, a kan yashi kawai, ba a cikin daji ba, kuma in an hana saboda fari to an hana. Ruwan sha daga kogi ake ɗiba, komai kyansa sai an tace ko an tafasa.

Na biyu, abinci ba ya kwana a tanti. Dajin yana da beyar, baƙar dabbar nan mai gashi buzu-buzu da hancin da yake jiyo ƙanshi daga nesa, yana da kyarkeci, yana da wata irin damisa marar zane da suke kira kuga. An ajiye akwatunan ƙarfe a masaukai, nan ake kulle abinci da duk wani abu mai ƙanshi, har man goge baki da sabulu da man shafawa. Ku masu turare, kun ji. In an yi kiciɓis da dabba ba a gudu, gudu yana sa ta bi. A tsaya wuri ɗaya, a ɗaga hannu, a yi magana da ƙarfi, a ja da baya sannu a hankali. Sharar da kika tara kuma ba a binnewa, ba a bari, a jakarki za ta fita.

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe taran dare. In an yi sa'a za a ga tururi yana tashi can cikin ruwa, manyan kifayen nan ne da ake kira wel suke numfashi, suna kiwo kusa da gaɓa. Mutanen da ba su san juna ba jiya sai ki gan su sun kewaye wuta ɗaya, ana ba juna filasta da gishiri, ana gwada wanda ya fi shan faɗuwa. Da dare kuwa ba abin da ake ji sai rugugin teku.

Akwai gargaɗi ɗaya da ake yi wa duk mai kwana a nan: in ƙasa ta girgiza, kada a tsaya naɗe tanti, a haye tudu nan take. Daren 26 ga Janairu, 1700, an yi wata gagarumar girgizar ƙasa a ƙarƙashin tekun, ruwa ya taso ya shafe wani ƙauyen Huu-ay-aht a Pachena. Dattawan ƙabilar sun riƙe labarin baki da baki, an kuma gano ainihin ranar ne daga rubuce-rubucen mutanen Japan, don ambaliyar ta ketare teku har can.

Ba kowa yake ƙarasa turbar da ƙafarsa ba. Kowace shekara ana kwaso gommai ta jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu. Yawancinsu ba dabba ce ta taɓa su ba, zamewa ce: targaɗe, karaya, gocewar gwiwa, sau da yawa da yamma lokacin da gajiya ta sa ana sauri a isa masauki. Sai kuma sanyi, wanda yake shiga jiƙaƙƙen jiki ko da rani ne. Mutum ya fara karkarwa, magana ta sarƙe, ya rikice, shi kansa bai san yana cikin haɗari ba sai na kusa da shi ya lura ya cire masa jiƙaƙƙun kaya, ya ba shi abu mai zafi. In hazo ya rufe, ɗauki yana iya yin kwana guda bai iso ba.

Matar mai fitila

Kin tuna hasumiyar Cape Beale, inda ma'aikatan Valencia shida suka kai labari? Mai kula da ita sunansa Thomas Paterson, matarsa kuma Minnie. A watan Disamba na wannan shekarar ta 1906, cikin wata muguwar guguwa, suka hango wani jirgin dakon katako mai suna Coloma, iska ta kakkarya shi, ruwa yana tura shi kan duwatsu, mutanensa sun maƙale a abin da ya rage. Aka je a buga waya, ashe guguwa ta tsinke ta. Mijin ba shi da halin barin fitila. Akwai jirgin gwamnati mai suna Quadra da ya fake a Bamfield, amma wa zai kai masa labari?

Minnie, uwar 'ya'ya, ga goyo, ta ɗauki fitilar ƙwai, karenta ya bi ta. Ta ratsa ruwan sanyi, ta shiga dajin nan, lokacin babu katakai, babu tsani, babu takalmin zamani. Ta yi sa'o'i tana kutsawa cikin taɓo, tana hawa itatuwan da iska ta kayar, ana tsuga mata ruwa. Da ta isa gidan mai gyaran waya ta tarar ba ya nan, ya fita neman inda wayar ta tsinke. Sai ita da matarsa suka shiga kwale-kwale, suka tuƙa da hannunsu har jikin Quadra. Jirgin ya tashi nan take, ya iske Coloma gab da dutse, aka kwashe mutanensa su goma, babu wanda ya mutu.

Ita kuwa ba ta zauna hutawa ba, ta juya ta sake bin hanyar da ta zo, don jaririnta yana jiran nono. Jaridu suka yi ta buga labarinta, gwamnati da matuƙan jirage suka aiko mata da kyaututtuka. Amma lafiyarta ba ta sake komawa daidai ba tun daga wannan tafiya. Tarin fuka ya kama ta, ta rasu a 1911.